Yadda Layin Kafinta Ya Zama Rawaya

Kafinta bai taɓa buɗe shago a wani wuri ba sai a ƙofar gidansa. Gidan gado ne. Shi ya fasa bangon ɗakin gaba ya mai da shi wurin aiki, ya kafa rumfar kwano a waje saboda dogayen katakai. Tun yana da baƙin gashi yake nan, har gemunsa ya koma launin dusar katakon da yake sharewa kowace yamma. Mutum ne mai tsari. Kowane zarto da ƙusarsa a bango, kuma ya zana siffar kowanne da alli, don in an ara ya san abin da ya fita.

Kusan kowane gida a layin da sana'a a bakinsa. Mai faci ne a bakin titi, sai mai injin niƙa, sai tela, sai mai gyaran firji. Daura da Kafinta akwai mai walda, ƙanin matarsa, wanda kowa ke kira Tartsatsi. Su biyun ba sa gaisawa sai da tsiya.

"Sarkin ƙusa, an tashi lafiya? Yau kujerar wa za a karya?"

"Ta ubangidanka. Je ka wanke idon nan, ya fi gawayi baƙi."

Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da matarsa, sai aikin Kafinta ya rabu biyu. Ɗakinta yana bayan bangon shagon, don haka ya huda bangon ya sa 'yar taga daidai teburin aikinsa. Yana yanka katako yana ganinta. In ta motsa, ya ajiye zarto ya shiga ya juya ta, ya ba ta ruwa, ya dawo. Ɗaga ta kuwa ba aikin mutum ɗaya ba ne, sai ya leƙa ya kira Tartsatsi su kama tare. 'Yarsu ɗaya ce, tana aure a wani gari mai nisa. Shagon nan na ƙofar gida shi ne abin da ya sa matar take kwance a ɗakinta ba a hannun wasu ba.

Akwai kuma wata dabara da layin yake da ita, Kafinta ne ya ƙirƙiro ta. Shekarun baya wasu ma'aikata sun taɓa zuwa da mota mai buɗaɗɗen baya, suka kwashe kayan aikin mutane a kan maganar lasisi. Injin yankan katakonsa bai dawo ba sai da ya yi tsatsa. Daga nan ya rataye wani tsohon ƙarfen tayar babbar mota a bishiyar mai faci. Duk lokacin da motar hukuma ko masu rataye da kati a wuya suka karyo kwana, mai faci zai buga ƙarfen. Kowa ya tura kayansa ciki. Kafinta ya sa wa tebura tayoyi, ya yi wa kowane shago ƙofa irin ta ɗakin kwana. Mata su fito da tabarmi su zauna, a ja igiyar shanya a baza wanki. Kafin baƙo ya iso tsakiyar layi, ba ya ganin komai sai gidaje. In ya yi tambaya, amsar ɗaya ce, kuma Kafinta ne ya koyar da ita: "Nan ai gida ne."

Wata safiya ƙarfen ya yi ƙara. Wasu matasa ne da riguna masu ƙyalli, suna tafe a ƙasa suna danna waya. Wata budurwa a cikinsu ta tarar da Kafinta a kan kujera, rediyo a cinya.

"Sannu da hutawa, Baba. Ana wata sana'a a gidan nan?"

"Sana'a kuma, 'yata? Ni da ƙashi ya riga ya gaji? Jikoki nake jira su zo hutu."

Tartsatsi ya fito cikin farar riga, hannuwa a baya. "Mu nan ko ƙarar guduma ba ma so," in ji shi. "Hawan jini gare mu."

Ta yi murmushi, ta ce ba ta ga layi mai natsuwa kamar wannan ba a duk yawon da suka yi. Bayan tafiyarsu har mai niƙa sai da ya riƙe ciki don dariya.

Watanni suka wuce. Sai wani ɗan kwangila ya kawo wa Kafinta aikin alluna masu ƙafafu, ya ce za a kafa su a zauren majalisar gari. Ya yi su da kyau, ya bi motar da kansa don ya tabbata ba sa rawa a kan siminti. A can ya ji abin da za a lika musu. Tsarin garin na da, tun lokacin da tashar mota ce ƙarshen gari aka yi shi. Yanzu ana sabunta shi, a fayyace inda gidaje za su yaɗu nan da shekaru masu zuwa, inda kasuwa za ta zauna, inda hanyoyi da magudanan ruwa za su bi, da inda masu sana'a za su yi aiki.

Da aka lika taswirar, ya tsaya kallo kamar kowa. Ya gano asibiti, ya bi titi da yatsa har ya zo kwanar mai faci. Layinsu rawaya ne tun daga farko har ƙarshe.

"Baba mai jiran jikoki," aka ce daga bayansa. Budurwar nan ce, yau da kati a wuya mai cewa jami'ar tsara gari ce. "Sun zo hutun kuwa?"

"Suna hanya. 'Yata, wannan rawayan me yake nufi?"

"Gidajen zama kawai. Kun yi sa'a, Baba. Babu injin da zai dame ku. Duk mai sana'a a cikin rawaya zai koma sabon filin da aka ware bayan babbar hanya, kun ga wancan ruwan tokan."

Ya duba ruwan tokan. Yana can gefen takarda, kusa da ƙusar da shi ya buga da hannunsa.

"Wannan mai ratsi-ratsin fa, na bayan asibiti?"

"Su mun tarar da su suna aiki a ƙofar gidajensu, maƙera da masu ɗinki. Sai muka ba su launin gida da sana'a. Suna nan inda suke."

Kafinta ya dafa allon. Abin da yake ɓoyewa tsawon shekarun nan, ashe ranar shi aka zo gani don a bar masa. Ya tuna 'yar tagar, ya auna nisan filin nan da idonsa, mota biyu mutum zai hau kafin ya kai.

"Baba, lafiya?"

"Allon nan da kike jingina da shi, ni na yi shi," ya ce a hankali. "A gidan da kika same ni."

Ta dubi hannuwansa, ta dubi allon. Da ya gama yi mata bayani, ta riƙe haɓa.

"Duk layin? Har mai farar rigar nan mai hawan jini?"

"Mai walda ne. Shi ya fi kowa ƙara."

Ta ce ba a sa hannu a tsarin ba tukuna, akwai lokacin jin koke. Za ta nemi shugabanta su sake zuwa ranar Talata da safe. "Amma Baba, abin da muka gani shi za mu sa. Ba ni da ikon sa abin da ban gani ba."

Da yamma ya tara layin a ƙarƙashin rumfarsa. Mai niƙa ya zauna a kan buhu, baki buɗe. Tela ya yi ta tambaya ko gidan ma za a karɓe. Tartsatsi ne ya ƙi yarda.

"Mijin Yaya, an ce maka Baba sau biyu ka narke. Tarko ne. So suke mu baza kaya a waje su kwashe a sauƙaƙe."

"Na ga taswirar da idona."

"Idon da ya yi wa liman ƙofa a karkace?"

Ba wanda ya yi dariya sosai. A ƙarshe aka amsa wa Kafinta da to, irin amsar da ake yi wa babba don a tashi. Ya ce wa mai faci ya sauke ƙarfen. Mai faci ya ce igiyar ta ci cikin reshe, amma ya yi alkawari ko kallonsa ba zai yi ba.

Ranar Talata kowa ya fito da kayansa. Injin niƙa na ruri, walda na walƙiya, layin ya cika da ƙara kamar kullum. Kafinta ya shiga juya matarsa, yana gyara mata matashi, sai ya ji ƙarfen. Da farko ya ɗauka kunnensa ne. Sai injin niƙa ya mutu. Sai ƙarar tayoyi a kan siminti, da ƙofofi suna rufuwa ɗaya bayan ɗaya.

"Maigida," matar ta ce da rabin bakinta, "ba yau ne ka ce kada a buga ba?"

Ya fita ba takalmi. Motoci biyu ne a bakin layi, ƙarama ta jami'ar, da wata mai buɗaɗɗen baya ɗauke da masu awo da sandunansu. Mai buɗaɗɗen bayan nan mutane suka gani. An riga an shimfiɗa tabarmi, wanki yana lilo a igiya. Tartsatsi kuwa ya rufe nasa shagon, ya tsallako yana tura teburin Kafinta ciki da dukan ƙarfinsa.

"Kama mana, tsoho, ka tsaya kallo."

"Sake shi."

"Ba ka ga motar ba ne?"

"Na ce ka sake shi."

Ya bi ƙofofin yana bugawa da tafin hannu. Ya kira mai niƙa, shiru. Ya kira mai firji, shiru. A ƙofar tela, matar telan ce zaune a tabarma tana tsince shinkafa, jami'ar da shugabanta kuma sun iso daidai wurin.

"Ki ce masa ya buɗe, su ne mutanen da na faɗa muku."

Ta ɗaga kai ta dubi baƙin, ta dubi motar, ta sunkuyar da kai. "Baba, nan ai gida ne."

Kafinta ya juya wurin shugaban jami'ar. Ya nuna masa garin hatsin da ya zube a bakin ƙofar mai niƙa, ya nuna masa baƙin tabon wuta a simintin Tartsatsi. Mutumin ya duba, ya gyaɗa kai, ba da wulaƙanci ba.

"Na gani, Baba. Amma zuwa biyu ke nan, masu gidajen da bakinsu suna cewa ba sa sana'a. Ba zan rubuta wa mutum abin da ya ce ba ya yi ba."

Suka auna rumfar Kafinta, suka ɗauki hoton teburin da rabinsa ke ciki rabinsa ke waje, suka tafi. Da aka tambayi mai faci, ya zauna a kan taya yana kallon hannunsa. "Wallahi Baba, ina ganin motar, sai ji na yi ina bugawa."

Da tsarin ya fito, layin yana nan rawaya, sai wani ɗan tabo mai ratsi-ratsi a tsakiyarsa, bai fi farce girma ba. An sake kai koke, aka ce sai in an zo bitar tsarin nan gaba. Wasu suka daina gaida Kafinta, suna cewa ya gyara nasa ya bar su. Bai mayar wa kowa magana ba. Mai niƙa ne ya fara kwashewa, sai mai firji, sai tela.

Ranar da Tartsatsi ya kawo motar kaya, ya shiga ya durƙusa gaban yayarsa. Daga yanzu da asuba zai fita zuwa sabon filin, sai bayan magariba ya dawo.

"Da rana fa?" ta ce. "Wa zai kama masa?"

Tartsatsi ya fito, ya tarar an riga an ɗora injin waldar a mota. Kafinta yana tsaye da wasu bututun ƙarfe a hannu da wani katako da ya zana abu a kai, zanen wata 'yar na'ura ne mai tayoyi da mariƙi, wadda mutum ɗaya zai iya ɗaga majinyaci da ita daga gado.

"Aikin katakon na gama," ya ce. "Ƙarfen ne ya rage. Sauke injin."

"A nan? A cikin rawaya? So kake a kama ni?"

"Jawo wayarka ƙarƙashin rumfata. Nan ɗin an yarda."

Tartsatsi ya karɓi katakon ya juya shi, ya daɗe yana kallo. Ya ce wa direban ya je ya sha ruwa ya dawo.

"Wannan awon naka a karkace yake, Sarkin ƙusa," ya ce. "Riƙe min nan. Ka kau da idonka."