Kalmar da Na Gyara wa Baƙona Banasare

Shekarun baya da dama, tun gemuna bai san furfura ba, wani abu ya faru da ni a gidanmu na Ƙofar Kware wanda har yau idan na tuna shi sai na gyara zama. Ni mahauci ne, ɗan mahauci. Karatuna bai yi nisa ba. Na yi allo, na kuma zauna zauren wani malami shekara biyu ina tsintar Larabci, sai mahaifina ya rasu, wuƙa ta dawo hannuna.

Abin ya fara ne da wani bajimin sa da na sayo wajen Fulani a bayan Wamakko, tsakiyar damina. Na ɗaure shi a bayan gida da niyyar yankawa da safe. Da na dawo daga sallar asuba sai na tarar da shi kwance, ciki a kumbure, babu numfashi. Na taɓa shi na ji da sauran ɗumi. Na duba hagu na duba dama, ban ga kowa ba, sai na zaro wuƙa na sa masa a wuya. Jinin ma bai yi tsartuwa ba, gangarowa kawai ya yi, baƙi ƙirin.

Ina ɗagowa na ga matata tsaye da tulu a kai.

Ta ce, "Malam, wanga sa mushe ne."

Na ce ta yi mini shiru, ta shiga ciki.

Ta sauke tulun ta ce, "In naman ga ya kai kasuwa, da ƙafata za ni wurin Sarkin Pawa. Ba a ciyar da Musulmi mushe daga gidan da nike kwana."

Shekararmu shida da aure, ban taɓa jin ta ɗaga mini murya ba. Kunya ta kama ni, ni kuma na juya ta ta koma fushi. Na ce ta tafi gidansu, na sake ta saki ɗaya. Mahaifiyata ta ji hayaniya ta fito da sandarta. Ta kira ƙannena ta sa suka ja san zuwa daji, kafin rana ta take kuma matata ta kama hanyar Dundaye. Daga ranar, tsakanina da mahaifiyata sai gaisuwa. Duk wanda ya tambaye ni abin da ya raba mu da matata, sai in ɗaga kafaɗa in ce, "Halin mata." Haka na yi ta yawo da wannan magana wata biyu.

Ana cikin haka wani ayari ya sauka daga kudu, daga wajen Lokoja. Abokina, dillalin shanu, ya zo mini da wani tsoho ya ce ya rasa masauki, kowa ya ƙi shi. Na tambayi dalili. Ya rage murya ya ce, "Banasare ne."

Na dubi tsohon. Baƙi ne kamar ni, da tsagar mutanen ƙasarmu a kumatu. Hausarsa kamar ta ƙaramin yaro, ga karin harshen mutanen bakin teku. Ya ba ni labarinsa a tsaye: an kama shi a yaƙi yana ɗan shekara takwas, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har teku, aka zuba su a jirgi, wani jirgin ya tare su ya sauke su a Saliyo. A can ya girma, ya shiga addinin Nasara. Yanzu ya tsufa, ya zo neman garinsu, da iznin hukuma ya shigo birni. Abin da ya riƙe bai wuce sunan mahaifiyarsa da gulbi da wata babbar tsamiya ba.

Na ba shi ɗakin da ke jikin zaurena. Maƙwabta suka yi ta gunaguni, har wani ya daina sayen nama a wurina. Na je na tambayi limaminmu, ya ce baƙo ne da ya shigo da amana, a ciyar da shi, kada a cutar da shi. Na dawo na gaya wa masu gunaguni cewa zaurena ne. Gaskiya kuwa, a lokacin ba tsoron Allah kaɗai ya sa ni ba. Gidan ya yi mini shiru da yawa, ina neman wanda zan yi hira da shi wanda bai san abin da na aikata ba.

Kullum bayan la'asar, idan na dawo kasuwa, mukan zauna a zaure. Yana da gafaka cike da takardu, rubutunsu daga hagu yake tafiya zuwa dama. Ya ce mini littafinsu mai tsarki ba da harshen Turawa ya zo ba, kamar yadda na zata. Kashin farko da harshen Bani Isra'ila aka rubuta shi, na baya kuma da harshen Yunanawa, kuma ya ɗan karanci duka biyun a wurin wani malaminsu Bature. Ya ce a wurinsu ana so kowane mutum ya ji maganar da harshen da ya sha a nono, shi ya sa suke ƙoƙarin juya ta zuwa Hausa. Matsalar ita ce Hausarsa ta tsaya a shekara takwas. Sai ya riƙa tambayata kalmomi, ni kuma ina hura hanci ina ba shi, kamar wani shehun malami.

Mun yi gardama ba kaɗan ba. Wata rana ya ce koyarwarsu ita ce tun saɓon Annabi Adamu zuciyar kowane ɗan Adam a karkace take zuwa, ba ta iya miƙe kanta sai da alherin Ubangiji. Na ce a'a, mu a wurinmu kowane jariri da tsarkinsa ake haihuwarsa, babu mai ɗaukar laifin wani. Har yau a kan haka nake. Amma ranar na ɗaga murya har masu wucewa suna leƙowa, ina ta kare tsarkin ɗan Adam, alhali a cikin idona babu abin da nake gani sai baƙin jinin nan yana gangarowa daga wuyan sa. Tsohon ya bar ni na gama, ya ce, "Ɗana, ka iya magana." Na ji daɗi. Sai daga baya na gane ba lallai yabo ne ba.

Ranar da nake son ba ku labarinta, ya zaro wata takarda ya ce a kan aure take. Ya bayyana mini cewa a wurinsu aure tun farkon halitta aka kafa shi, namiji ɗaya da mace ɗaya, kuma idan an haɗa su sun daina zama biyu. Sannan ya karanta mini yadda suka juya abin da Hausa, wai miji da mata sun zama nama ɗaya.

Dariya ta ƙwace mini har na riƙe ciki.

Na ce, "Baba, in ka faɗi haka a Sakkwato, mutane za su tambaye ka na tsire ne ko na miya."

Bai ji haushi ba. Ya ce sun daɗe suna fama da wurin, shi da Baturen. Kalmar a harshen Bani Isra'ila ita ce "basar", kuma tana ɗauke da abubuwa da yawa: tana nufin tsoka, tana nufin ɗan'uwa na jini, tana kuma nufin mutum da rauninsa.

Na ce ya maimaita. Ya maimaita. Ashe na san ƙanwar wannan kalma. Na ce masa a zauren malaminmu, da Larabci, "bashar" shi ne ɗan Adam. Tsohon ya ajiye takardar ya dube ni, ya ce lallai harsunan nan biyu daga tsatso ɗaya suke, amma bai yi zaton mahauci ne zai tuna masa ba.

Nan fa kaina ya ƙara girma. Na ce, "Bari in gaya maka abin da na sani, don nama sana'ata ce. Ba a ce da abu nama sai rai ya bar shi, an feɗe, an raba kashi-kashi. Abin da kake nufi mai rai ne. Ka ce jiki guda. Jiki ne ƙaya ke sukar ƙafarsa baki ya yi ƙara. Jiki ne hannu ke fizge ɗan'uwansa in ya nufi wuta."

Ya ɗauki alƙalami ya soke nasu ya rubuta nawa a gabana. Ya yi ta nanatawa a hankali, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce shi da matarsa daga jirgi ɗaya aka sauke su, da farko ko harshen juna ba sa ji, suka yi shekara arba'in tare kafin ta rasu. Na tambaye shi ko ba ta taɓa ɓata masa rai ba. Ya ce, "Sau da yawa. Yawanci kuma lokacin da take da gaskiya."

Sai muka ji sanda ta bugi ƙofar cikin gida. Ashe mahaifiyata tana tsaye tana ji. Ba ta shigo ba, daga nan ta yi magana, karo na farko cikin wata biyu da ta ce mini abin da ya wuce gaisuwa.

Ta ce, "Kai mai gyara ma Annasara magana, iddar ɗiyar mutane ta kusa cika. In ta cika, sai ka zauna da hikimarka."

Washegari da hantsi ina Dundaye. Lokacin kaka ne, na tarar da surukina a gona yana ɗaurin damman gero da 'yan'uwansa biyu. Na tuɓe takalmi na durƙusa nesa kaɗan. Ya amsa gaisuwata a daƙile, bai daina ɗauri ba. Na ce na zo biko.

Ya ce, "Wata biyu ina tambayarta mi ta yi maka, ta ƙi faɗi. Na yi lallashi, na yi faɗa, uwarta ta yi kuka. Ba ta ce komi ba sai wai tsakaninta da mijinta ne. Tunda ta ɓoye, na san laihinta babba ne. Ka yi haƙuri da ita."

Jama'a, ga ƙofa a buɗe. Da na ce na haƙura, shi ke nan, in tafi da matata da mutuncina, ita kuma ta ci gaba da ɗaukar laifin da ba nata ba a idon mahaifinta. Na ji zuciyata tana jan ni can, kamar yadda ta ja ni ranar da san nan ya mutu.

Na ce, "Baba, ba ta yi komi ba. Ni na yanka mushe zan kai kasuwa, ta hana ni, na sake ta."

'Yan'uwansa suka dubi juna. Ga mahauci, wannan magana tana iya kashe masa sana'a har jikokinsa, kuma a gaban mutum uku na faɗe ta. Surukina ya sake igiyar da ke hannunsa ya zauna a kan dami. Ya tambaya ko naman ya kai kasuwa, na ce bai kai ba. Ya juya ga 'yan'uwansa ya ce abin da suka ji a gonar nan zai tsaya. Sannan ya aika aka kira ta.

Ta zo da lulluɓi ta durƙusa a gefe. Ya ce, "Ɗiyata, na zarge ki, ki yafe mani. Ga mijinki, ya faɗi komi da bakinshi. Kina komawa?"

Ta ɗago kai ta dube ni. Can ta ce, "In ya faɗi da bakinshi, ina komawa, Baba."

Da muka iso gida, tsohon yana zaure. Ya miƙe ya gaishe ta da girmamawa kamar wata gimbiya. Daga baya na ajiye wuƙa kwana huɗu na raka shi ƙauyukan bakin gulbi, muna bin tsamiya muna tambayar tsofaffi sunan mahaifiyarsa. Ba mu samu kowa ba. A hanyar dawowa na kira shi zuwa Musulunci, shi ma ya kira ni zuwa nasa, kowa ya ƙi, muka raba ƙosai muka ci. Da ayarinsu zai tashi, matata ta ɗaure masa kilishi da dakuwa a ganye, mahaifiyata ta fito har zaure ta yi masa fatan sauka lafiya. Ban sake jin labarinsa ba.

Mu mahauta ba a sa mu a sahun gaba. Idan ana zancen ilimi ba a waiwayarmu, ko wurin neman aure sai an yi ta duba asalinmu. Shi ya sa ba na ɓoye jin daɗina cewa wani mai karatun harsuna ya taso tun daga bakin teku, kuma a zauren mahauci ya samu kalmar da ya rasa. Na ba da wannan labari har 'ya'yana sun gaji da shi. Amma wancan na gonar gero ban cika ba da shi ba, ko da yake shi ne na fi alfahari da shi. Na koyi cewa mutum yana iya sanin gaskiya sarai, har ya koyar da ita ga baƙo, alhali bai aikata ta a gidansa ba. Ni dai Allah ya taimake ni na aikata tun da sauran lokaci. Yau shekararmu talatin da wani abu da aure, kuma duk wanda ya sayi nama a hannuna cikin shekarun nan, halal ya ci. Matata ya kamata ya gode wa.