Lambun Kawu Ambrose

Tun dawowata daga karatu a Kanada ba na yarda da idona, amma tsohon nan na kasuwar Norwich, a nan Ingila, shi ne: Kawu Ambrose na finafinan gwamnati, mai koya wa jama'a noman kabeji a bayan gida lokacin yaƙi. Saboda shi babanmu ya tumɓuke furannin mama. Ta yi kuka, mu kuwa muka goyi bayan baba.

Ga shi yanzu cikin tsohuwar kwat, yatsunsa sumul, yana jujjuya kabeji bai san mai kyau ba.

Na ce, "Baba, ya lambu?"

Ya kwashe da dariya. "Wane lambu, ɗana? A nan ake sayowa, a jera a ƙasa kafin a kunna kyamara."