Baba Kyari da Makullin Root

Shekarar da ruwan madatsar Alau ya shigo gari, ba gidana na Abbaganaram ne ya hana ni barci ba, takardun ajamin kakana ne. Ruwa ya cinye su. Hotunansu kaɗai suka rage, cikin wata kwamfuta mai aiki da tsarin Linux a shagon Oga Emeka da ke Bulumkutu, a hannun marigayi Baba Kyari, mai kula da na'urorin shagon. Tun farko mun yi alkawari: shi ya adana, ni in karanta masa, don bai iya ajami ba. Kullum sai ya ce sai ya samu sarari.

Kun dai san halinsa. Ba ya shiga na'ura da sunan root, wato maigidan da babu ƙofar da ke rufe masa, sai ya yi alwala. Wai mai riƙe da wuƙa tsirara ya kamata ya tuna Allah.

Ranar da zai buɗe mini sunan shiga kwamfutar na ce ya sa Alhaji Modu Goni. Ya rubuta modu, ƙananan haruffa, babu tazara. Da na yi ƙorafi ya ce, "Malam, ko a kabari babu Alhaji."

Emeka kuwa ya so aikin share tsofaffin fayiloli ya riƙa gudana da sunan 1oga. Baba ya ƙi. Ya ce akwai na'urar da ba ta gane sunan da ya fara da lamba, kuma maimakon ta kore shi, sai ta saki aikin da ikon root. "Maigadi bai gane baƙo ba, ya miƙa masa makullan gida. Baƙon kuma mai shara!" Emeka ya yi barazanar sallamarsa. Baba ya ci gaba da tauna goronsa.

Da ruwa ya janye na isa shagon a firgice. Na roƙe shi ya ba ni ikon root in kwashe kayana da kaina kafin wata masifar ta zo. Ya dubi hannuna yana rawa, ya ce da wannan hannun ko kofin shayi ba zai ba ni ba. Ikon karantawa kawai ya bar mini, yadda ko na so gogewa ba zan iya ba. Na buɗe hotunan. Shafi bayan shafi, ga rubutun kakana nan, babu wanda ya ɓata.

Sararin bai samu ba sai da ciwo ya kwantar da shi a Umarari. Na zauna gefen tabarmarsa na karanta masa daga waya har ƙarshe. Sannan ya ce, "Modu, ka biya."

Allah ya jiƙan Baba Kyari. Ya tsare amana. Allah ya buɗe masa ƙofar da shi bai taɓa nema da ƙarfi ba.