Tallar Ruwa a Tsakiyar Sharhi

Tun yana makaranta bakinsa ba ya mutuwa. Ko a kan ƙwallo ake musu, sai ya jawo gwamnati ciki. Abokai suka laƙaba masa Sharhi, sunan ya bi shi har gidan rediyo, inda duk Asabar da hantsi yake zama ya feɗe 'yan siyasa. To amma rediyo ba ta ɗora tukunya. Sauran ranakun yana sashen talla na wani kamfanin ruwan roba, cikin kwat, yana zaɓen kalar kwalba da kalmomin da za su sa mutum ya ji ƙishi ko da yanzu ya sha. Shekara da shekaru bai bar aiki ɗaya ya leƙa ɗakin ɗaya ba. Abin tinƙahonsa a duniya guda ne: masu sauraro sun yarda ba a sayen bakinsa.

Masu talla suna da wata hanyar aiki. Kafin a kira mai karanta talla, wanda ya rubuta kalmomin yakan karanta da kansa a naɗa, don a gwada tsawonsu da kiɗan. Muryar gwaji ce, ba ta fita daga ofis. Wannan karon mura ta kwantar da mai karantawa, manaja ya matsa lamba, sai abokin aikin Sharhi ya tura ta gwajin gidajen rediyo, ko tambaya bai yi ba.

Asabar ɗin kuwa a kan ruwan famfo ake magana. Sharhi ya ɗau zafi, ya wanke shugaban hukumar ruwa tas: unguwanni sun bushe, mata na yawo da jarka, shi kuma yana ta yanka kirtanin buɗe ofisoshi. Mai gabatarwa ta ce a tafi talla. Yana kurɓar shayi sai ya ji muryarsa a kunnensa, a tausashe kamar mai rarrashin jariri, tana cewa in famfo ya ƙafe kada a damu, ruwansu na nan.

Ya dire kofin shayin. Tsoro ya kama shi, da kunya. Mai gabatarwa ta dube shi, ta kau da kai. Jar fitilar da ke nuna an dawo shiri ta sake kamawa.

Wanda ya fara kira wani tsohon tela ne, wanda bai taɓa fashin Asabar ba, kullum sai ya sa masa albarka. Yau ko gaisuwa babu.

“Ɗana, na ji ka sau biyu yanzu. Wanne zan ɗauka?”

Sharhi ya san manaja na sauraro. Ya san yana iya cewa muryar ce kawai ta yi kama da tasa, kuma da yawa za su yarda. Ya tuna yaransa. Injiniya ya fara ɗaga hannu ta bayan gilashi, yana nuna masa ya ba da amsa.

“Baba, duka biyun ni ne. A kamfanin nake aiki, ban taɓa faɗa muku ba. Amma ranar da famfonku ya kawo ruwa, kada ka ƙara sayen namu.”

Wayarsa ta fara rawa a kan tebur.

Ranar Litinin kamfani ya karɓe mukullin ofis daga hannunsa, bai yi mamaki ba. Asabar ce ta dame shi. Ya zo gidan rediyo da wuri, ya zauna yana kallon fitilun layukan waya har aka rufe shirin. Mutane sun kira da yawa, masu zagi da masu yabo. Tela bai kira ba.