Yadda Dodo Ya Saurari Motar Mai Nasara

Sunansa na yanka Muddassir, amma idan ka shiga Tasawa kana cigiyar Muddassir makaniki, sai ka yini kana yawo. Ka ce Dodo. Sunan ya bi shi tun yana saurayi, ranar da ya fito daga ƙarƙashin wata babbar mota baƙi ƙirin da man inji, wata mai fura ta yar da ƙwarya ta ruga. Ɗan maƙera ne, ya bar zugazugi ya kama gyaran mota. Shekara talatin ke nan yana gindin iccen bediya guda a bakin gudron, wato hanyar kwalta, kuma dokarsa ɗaya ce: ba ya kwance mota sai ya ji kukanta da kunnensa tana tafiya. Bai taɓa buɗe ƙafar da ba ita ce mai ciwo ba, kuma ba ya barin kowa ya manta da hakan.

Wata rana da hantsi sai ga taubashinsa Mai Nasara, ɗan kawunsa, direban da ke jigila tsakanin Tasawa da Mayahi.

"Dodo, motata na gurnani."

"Ta gaji da ganin huskarka ne. Wace ƙafa?"

"Gaba. Ko baya. Ni dai na ce ɗan'uwana ya aiko mani rulma daga Maraɗi, ga ta."

Rulma ita ce zoben ƙarfe mai ƙwallaye da taya ke juyawa a kansa. Guda ɗaya ya samu, ga ƙafafu huɗu, kuma in an buga ta a inda ba nan ba, ba ta fita lafiya. Gobe da safe motar za ta kwashi mutum goma sha takwas zuwa kasuwar Mayahi. Rulma in ta ƙare, taya sallama take yi da mota a tsakiyar hanya.

Dodo ya shiga kujerar baya, ya ce a hau hanyar Maraɗi, kada kowa ya yi tari. Ba su yi nisa ba Mai Nasara ya taka birki.

"Mi ya faru?"

"Inna Hindu ce. In wuce ƙanwar tsohuwata a rana?"

Inna Hindu ta shigo da buhun wake da labarin ciwon gwiwarta. Gaba kaɗan sai Zara'u, maƙwabciyar surukansa, da kaji huɗu. Daga nan wani dattijo da tunkiya, wanda Mai Nasara bai ma san shi ba, amma ya ɗaga hannu, kuma kowa ya ga an ɗauki wasu.

"Gwaji muka fito ko jigila?" in ji Dodo. "Kai ko makara aka ba ka ka tuƙa sai ka tsaya ɗaukar fasinja!"

Abin haushin, sai da motar ta yi nauyi gurnanin ya fito sosai. Yana nan, wuuu, a ƙarƙashin surutu. Amma ina! Inna Hindu na gaida dattijo, ya gida, ya gona, ya masu jiki. Zara'u na ba da labarin tsadar gero. Tunkiya na sa baki. Dodo ya ce don Allah a yi shiru. Aka yi shiru na numfashi guda, sai Inna ta tambaye shi ya uwar 'ya'yansa. Ya za ka ce wa tsohuwa ta rufe baki? Ya cije leɓe har ya ji gishiri.

Can ya cire hula, ya gyara murya.

"Jama'a, tunda Allah ya tara mu, mu yi wa iyayenmu da suka riga mu ƙulhuwallahu ƙafa goma sha ɗaya. A zuci."

Mota ta yi tsit. Hannuwa suka tashi. Dodo ya dafa kafaɗar Mai Nasara ta hagu, shi kuwa ya karkata motar hagu: gurnani ya ƙaru. Ya dafa ta dama, mota ta karkata dama: gurnani ya lafa. Suka sake. Karkata hagu ke tura nauyin mota dama, ke nan nauyi in ya koma dama take kuka, kuma kukan daga bayansa yake tasowa, daidai ƙarƙashin buhun wake. Aka shafa, shi ma ya shafa. Ya rantse daga baya cewa tasa ya karanta cif, Allah ne shaida.

Da suka sauke kowa a ƙofar gidansa, wanda ya ci musu rabin yini, Dodo ya ɗaga ƙafar baya ta dama ya kwance. Ƙwallayen rulmar suka zubo a tafinsa a farfashe kamar tsakin dawa. Ya miƙa wa Mai Nasara.

"Ungo, ka kai wa fasinjanka na gobe su ga abin da ya so ya kai su lahira."

Motar ta je Mayahi ta dawo lafiya. Sai dai Inna Hindu ta baza a unguwa cewa yaron nan Dodo ashe malami ne, addu'arsa ta kori abin da ke kuka cikin mota. Ranar Juma'a mata uku suka zo gindin bediya, ɗaya da jariri mai kukan da ba ya tsayawa.

"Baiwar Allah," in ji Dodo, yana goge hannu da tsumma, "wanga ba ya da taya. Ki kai shi likita."