Buhun Ciyawar Jar Saniya

Ni dai ban taɓa ganin jirgin ƙasa ba sai shekarar da fari ya share mana garke. A wajenmu, can gefen Gazawa, jaki muka sani da motar kasuwa. Shanun maigidana suka yi ta faɗuwa har saura jar saniya guda mai karyayyen ƙaho, ita ma sai an kama wutsiya take tashi. Ya bar ta hannun ƙanensa, muka tsallaka Katsina, muka kai Kano, muka hau jirgi zuwa kudu inda aka ce ana ɗaukar masu gadi.

Cikin taragon nan na ga ikon Allah. Wata mata ta goya zabuwa a baya, ta lulluɓe ta da zane, in ta yi kuka sai ta jijjiga ta wai kada ma'aikacin jirgi ya gane. Wani tsoho kuma ya tada salla, jirgi na shan kwana yana juyawa da buzunsa, har ya sallame yana fuskantar buhun albasar wani. Na yi ta dariya a cikin mayafi. Ashe nawa gwanin ne zai fi kowa.

Muna wuce Kaduna ƙasa ta yi kore shar. Maigidana, mutumin da ko fura bai iya sha ba tun Kano, ya miƙe zumbur, ya shiga dukan jikin tarago da sandarsa yadda ake yi wa direban mota.

"A tsaya! Don Allah a tsaya, ga ciyawa!"

Tarago ya kwashe da dariya. Kunya ta kama ni kamar in nutse. Na ja rigarsa na ce, "Maigida, zauna mana, ka maida mu abin kallo." Ko juyowa bai yi ba.

Tasha ta gaba ya dira da buhun da muke shimfiɗa, ya yi ta tuge ciyawa da hannu har jirgi ya yi kuka, ya biyo shi a guje. Haka ya yi a kowace tasha, ni kuwa raina na ɓaci, ina ta mita. Mai zabuwa ta tambaye shi, "Malam, wa za ka kai wa?" Ya ba ta labarin jar saniya da 'yar Hausarsa. Ba wanda ya sake dariya. Da aka kuma tsayawa, har tsohon nan ya sauka ya tugo nasa ƙunshin.

A wata tasha muka tarar da jirgin da zai yi arewa. Maigidana ya ɗaure bakin buhu, ya miƙa wa wani mutum ta taga, mutumin da bai taɓa gani ba.

"Saƙo ne, ɗan'uwa. Gazawa. A ce gidan mai jar saniya mai karyayyen ƙaho."

Mu haka muke aike a motar kasuwa, kuma yana zuwa. Na ce wa maigidana nan ba gida ba ne, ya yi asarar buhu kawai. Mutumin ya dube shi, ya dubi buhun, ya ce shi Kano zai tsaya amma zai ba wani.

Sai da damina ta faɗi muka koma. Tun daga nesa na ga turken babu komai. Ƙanensa ya tare mu, ya ce ta mutu tun tsakiyar rani. Sannan ya shiga bukka ya fito da buhun nan. Wani mai amalanke ne ya kawo, shi ma wani direba ya ba shi, amma ya iso an riga an ja ta daji. Ya ce ya kasa ba wata dabba.

Maigidana ya durƙusa ya kwance igiyar, ya cusa fuskarsa cikin busasshiyar ciyawar. Ni da na fi kowa faɗa a kan buhun nan, ni na fara kuka. Ya jima a haka kafin ya ɗago.

"Da ma ko sansanawa ta samu ta yi," in ji shi.