Na Haɗu da Muryar Rediyon Gidanmu a Wurin Mai Kifi

Ina tsaye wurin mai suyar kifi a bakin gadar Wudil ɗazu, sai na ji wani a bayana ya ce, "A ƙara min yaji kaɗan."

Wallahi nan take na kasa kunne. Na san muryar nan. Ita ke karanta mana labarai da sanarwar rasuwa a rediyo tun ina firamare. In ta fara, ko tari Baba ba ya bari a yi a gidanmu.

Na juya ina neman wani ƙaton mutum, sai ga ɗan dattijo siriri, ko kafaɗata bai kai ba. Na durƙusa na gaishe shi, baki ya ƙi rufuwa. Na tambaye shi ko shi ne na rediyo, ya ce shi ne, ya daɗe da yin ritaya.

Na roƙe shi ya gaisa da Innata. Na kira ta, na buɗe sifika, shi kuma ya gyara murya: "Assalamu alaikum, Hajiya."

Sai Inna ta ce, "Innalillahi. Malam, wa ya rasu?"

Dattijon ya yi dariya har da share hawaye. "Babu kowa, Hajiya. Kifi nake saye."

"To alhamdulillahi. Ka ce wa yaron nan ya kawo ka ka ci tuwo. Shekara da shekaru kana shigo mana gida, ko ruwa ban taɓa ba ka ba."

Yanzu haka yana zaurenmu, Inna ta sa an yanka zakara, ni kuma na kasa zama wuri ɗaya.

Ku fa, muryar wa ta raine ku ba ku taɓa ganin mai ita ba?